Zaren da Bai Sha Rana ba

Rubuta, Malama Binta, kuma yadda na faɗa za ki rubuta. Ni ce Zainabu, wadda mutanen unguwar Anbariyya a nan Madina suka sani da Zainabu mai rafu. Ban san baƙi ba, ko sunana aka rubuta ba zan gane shi ba. Shekara biyu ke nan da aka kai Alhaji maigidana maƙabartar Baƙi'a, har yau kuma in na ji motsin makulli a ƙofa sai na gyara zama. In kin ga na yi shiru ki jira ni, kuka ne, zai wuce.

Jikokina ne suka sa na kira ki, Nura da Abir. Shekaranjiya suka tarar da ni ina gyara wa ubansu shimag ɗin da yake yafawa a ka, Abir ta leƙa ta ce, "Marra sahal, ya sitti." Wai abu mai sauƙi ƙwarai. Da Hausa nake musu magana, da Larabci suke mayar mini, amma suna ji sarai. In kin gama ki zaunar da su ki karanta musu.

Rafu ba faci ba ne. Mai faci ƙyalle yake ɗorawa a kan huji, kowa ya gani ya san an yi ɓarna. Mai rafu kuwa sake saƙa wurin take yi da allura, zaren tsaye da zaren kwance, ɗaya bayan ɗaya, har mai rigar da kansa ya nemi inda hujin yake ya rasa. Ba a sayen zarensa a kasuwa. Daga jikin rigar ake zaro shi, can cikin kalmasa inda ido ba ya kaiwa. Kayan aikin gaba ɗaya gwangwanin alewa ya ɗauke su: allurai uku sirara kamar gashi, reza, ɗan almakashi, kakin zuma da ake goga wa zare don kada ya tsinke, da finjalin gahawa da ake ɗaure yadin a bakinsa ya miƙe. Sai dutsen guga da ƙyalle mai laima. Sauran duk ido ne da haƙuri.

A wurin Hajja Amna na koya, wata tsohuwa da iyayenta suka taso daga Kano a ƙasa, aka haife ta a Sudan, ta tsufa a Madina. Shekara biyu cur ba ta bar ni na taɓa rigar mutane ba. Zaro zare kawai nake yi daga tsummoki, in ya tsinke ta ce, "Sake." Aikin farko da ta ba ni aljihun wata farar jallabiya ne da ƙusa ta yaga. Kwana huɗu na yi a kai. Ta duba, ta sa reza ta farke shi, ta ce na ja zaren kwance ya fi ƙarfi, ranar da aka wanke rigar wurin zai tattare. A shekara ta biyar ne, wata rana da azahar, ta ja ni saman bene ta nuna mini abu na ƙarshe. Ta ce tsohuwar riga ta sha rana ta koɗe, amma zaren cikin kalmasa bai taɓa ganin rana ba, don haka ya fi fuskar rigar duhu. A ɗaki ba za ki gane ba, fitila tana rufa masa asiri. Sai ki shanya zaren a rana kwana biyu ko uku, kina gwada shi da rigar, har launinsu ya haɗu. Kuma kada aiki ya bar hannunki sai kin duba shi a tsakar rana. Ta ce, "Wannan ba na gaya wa kowa sai wadda na yarda ta gaje ni."

Alhaji yana da shagon wanki da guga kusa da masallacin Anbariyya. Duk rigar da ta zo da huji sai ya ajiye ta gefe, ya taho mini da ita in ya zo cin abincin rana. Haka muka yi shekaru. Daga unguwar Sultana ake aiko mini, har daga unguwar Jurf. Masu kawo aiki iri-iri ne. Akwai wanda zai rantse hujin a wurin wanki aka yi, alhali ƙunar sigari ce. Akwai matar da za ta kawo rigar mijinta a ɓoye don ita ta ƙona ta da guga, tana roƙo a gama kafin Juma'a. Alhaji yakan ce wa mutane, "Ku kawo, Hajiya tana rufe abin da ya fi wannan." Wannan maganar tasa ta fi mini komai daɗi a sana'ar.

Bayan yaƙin Kuwait da 'yan shekaru Saratu ta zo. Mijinta ɗalibi ne a jami'a, daga Najeriya, suka kama ɗaki a benenmu. Ita 'yar kudancin Zariya ce. A coci ta tashi, ubanta ma shi ke karantar da mutane a cocin ƙauyensu, sai da ta girma ta musulunta. Sunanta Saratu tun can, ba ta sake ba, ta ce ai sunan matar Annabi Ibrahim ne. Zaman kaɗaici ya ishe ta, ta riƙa hawowa tana kallona. Wata rana ta ce, "Inna, ki koya mini mana." Na ba ta tsumma na ce ta zaro zare.

Abin da na yi shekara biyu ina koyo, wata huɗu ya ɗauke ta. Zare ba ya tsinkewa a hannunta. Takan ƙirga saƙar yadi da ido tun kafin in gama goge tabarau. Da farko daɗi na ji, har ina nuna ta ga baƙi. Daga baya sai na lura in na ɗauki aikinta ina dubawa, kuskure nake nema, in ban samu ba kuma abinci ba ya mini daɗi ranar.

Wani mayafin ulu aka kawo mana da sanyi, asu ya cinye shi wuri bakwai. Na shimfiɗa shi na ce, "A'uzu billahi, wannan aikin Shaiɗan ne."

Saratu ta yi dariya. "Inna, da babana yana nan da ya ce kin ba Shaiɗan girman da ba shi da shi."

"Kamar yaya?"

"Shi cewa yake Shaiɗan bai iya yin komai ba. Ko ƙuda bai halitta ba. Allah ne ya yi komai, kuma duk abin da ya yi mai kyau ne, har shi Shaiɗan ɗin da kyau aka yi shi. Wai mala'ika ne da, ya fi sauran haske."

"Kul, 'yar nan! Mala'ika ba ya saɓo. Iblis aljani ne, da wuta aka yi shi. Aka ce ya yi sujada ga Annabi Adamu ya ƙi."

"Na sani, Inna, a kan haka nake yanzu. Abin da na tashi ina ji nake gaya miki, tunda ke kika tsokano."

Na ce to ta faɗa in ji, ai hira ce. Muna aiki tana ba ni labari. Ta ce a gidansu ma ba a daidaita ba. Ubanta ya tsaya a kan girman kai ne ya kayar da shi: ya dubi haskensa ya manta aro ne, ya so ya kafa kujerarsa sama da ta kowa, aka jefo shi ƙasa da waɗanda suka bi shi. Kakarta kuwa, wadda ba ta yi karatu ba kamar ni, cewa take hassada ce. Ya ga an yi mutum da turɓaya an kuma so shi, abin ya tsaya masa a rai, shi ya sa ya shiga gonar a siffar maciji ya ruɗi matar. Ta ce in sun fara wannan musu da daddawa a hannun tsohuwar, sai miya ta ƙone.

Na ce, "To in da kyau aka yi shi, wa ya zuba masa hassadar? Daga ina ta fito?"

Ta sa yatsa a ɗaya daga hujojin mayafin, yatsan ya fito ta baya. "Na taɓa yi wa babana wannan tambayar. Ya ce ba wanda ya zuba masa. An bar masa zaɓi ne, ya kau da ido daga wanda ya ba shi, ya koma kallon abin da aka ba wani. Ya ce mugunta ba aba ce da aka saƙa ba. Kamar wannan take. Inna, ɗauko mini hujin nan ki ajiye a faranti in gani."

"Ke, ba na son shaƙiyanci."

"To kin gani. Ba ya ɗaukuwa. Wurin da zare ya kamata ya kasance ne, babu shi. Amma sanyi ta nan zai shiga."

Na ce wannan zancen masu coci ne, ta mai da hankali kan allurarta. Da Alhaji ya dawo na ba shi labari ina dariya, na ce yau na kayar da 'yar malamin coci a musu. Ya ce mu bar wa malamai nasu, mu rufe wa mutane hujinsu.

Mishlah ɗin wani mai turare a goman ƙarshe na azumi ta zo, shekara ta uku da fara koyon Saratu. Ku yara kun san mishlah, alkyabbar da manya ke yafawa ranar idi da ɗaurin aure. Wannan ta gashin raƙumi ce, ruwan ƙasa, saƙar hannu, da zaren zinariya a wuya. Mai ita wani dattijo ne mai shagon turare a Sultana, ya fi shekara ashirin yana kawo wa Alhaji wanki, shi da 'ya'yansa da surukansa. Ta mahaifinsa ce. Garwashin turare ya faɗo mata a ƙirji, ɓangaren hagu, ya yi huji kamar girman ƙwayar dabino. Yana so ya sa ta ranar idi.

Alhaji ya shigo da ita a kafaɗa. Na miƙa hannu. Sai ya ce, "Hajiya, a ba Saratu wannan. Idonki ya fara gajiya, saƙar kuma ƙanana ce. Hannun yarinyar nan, tabarakallah, ban ga irinsa ba."

A gabanta ya faɗa. Ba da mugun nufi ba, Allah ya jiƙansa, shi mutum ne mai faɗin abin da ya gani. Shekara talatin ina jin "Hajiya tana rufe abin da ya fi wannan," ranar na ji an ce ba a ga irin hannun wata ba. Na mayar da hannuna cinya na ce, "A ba ta."

Ina zaune ina kallo ta buɗe kalmasa ta zaro zare. Tun daga inda nake na san rigar ta shekara arba'in tana shan rana, zaren nan kuwa bai taɓa ganinta ba. Kwana tara ya rage, lokaci ya isa a shanya shi har a yi ragi. Sanyi ake yi, tagogi a rufe, farar fitila ce kawai a ɗakin. Matakala goma sha biyu ce tsakaninmu da saman bene. Ban ce komai ba.

Kwana shida ta yi a kai. Da ta gama ta yi guga, ta kawo mini da hannu biyu. "Inna, duba mini. Akwai abin da ya rage?"

Na ɗaga ta a ƙarƙashin fitila. Wallahi ban taɓa ganin rafu irin wannan ba, har na Hajja Amna. Na shafa da yatsa ban ji tudu ba. Na ce, "Ya yi."

Ban yi mata ƙarya a kan saƙar ba. Ban taɓa zarenta ba, ban ɓoye mata allura ba. Shekaru na yi ina gaya wa kaina haka.

Kwana biyu bayan idi mai turare ya zo shago. Alhaji ne ya ba ni labari. Ya ce da aka sauko daga idi, rana ta ɗago, yana tsaye ana gaisawa, sai wani abokinsa ya sa hannu yana kakkaɓe masa ƙirji, ya zaci gahawa ce ta zuba. Tabo ne baƙi-baƙi, kowa yana gani. Dattijon ya jefa mishlah ɗin kan teburin guga ya ce, "Ya Hajj, amana na ba ka. Da huji ne da na ce tsufa ne, wannan kuwa kunya ce." Bai sake kawo ko hankici ba, shi da duk danginsa.

Alhaji ya shigo gida ya shimfiɗa ta a bakin taga. Saratu ta gani ta dafe ƙirji ta fashe da kuka, tana cewa, "Daga jikinta na zaro, wallahi daga jikinta na zaro." Shi kuwa ni ya kalla. Ya daɗe yana kallona. Sau nawa ya hau bene ya tarar da zaruruwana a shanye a kan tire, na danne su da tsakuwa? Ya naɗe mishlah ɗin ya fita da ita.

Ban tsaya nan ba, ki rubuta wannan ma. Matan layi suka zo barka da salla, aka tayar da zancen. Na ce, "Ni dai na koya mata iyakar abin da ake koyarwa. Wani abin kuma sai wanda ya tashi a ciki." Wata ta ce ai dama an ce a coci ta girma. Wata ta ce hannu ma yana da albarkarsa. Na zuba musu shayi. Kafin wata ya ƙare, matan da suka fara kai wa Saratu aiki ɗakinta duk sun dawo wurina. Abin da nake so ke nan, na kuma samu.

Wannan ita ce muguwar shekararmu. Mai turare mutum ne mai jama'a, maganarsa ta zaga Sultana, aikin manyan riguna ya ɗauke ƙaf. Kasuwa kuma ta cika da jallabiyoyi masu araha, in ta huje a yar a sayi wata. Aka fara rushe tsofaffin gidajen wajenmu, maƙwabta suka watse. Alhaji ya sallami mai taya shi guga, ya koma tsayuwa da kansa daga safe har la'asar, a nan ƙafarsa ta fara kumburi. Ni kuma idon da ya ce ya gaji, ashe gaskiya ya faɗa. Aikin da ke hannuna ma ya riƙa fin ƙarfina, ga wadda za ta iya shi a ƙasan benenmu, ba ta ƙara hawowa ba.

Da mijinta ya gama karatu za su koma gida, ta hawo yi mini sallama. Ta kawo mini gwangwanin allurai da na ba ta. Na ce ta riƙe. Ta durƙusa ta ce, "Inna, ki yafe mini abin da na jawo muku." Na ce, "Ba komai, Allah ya yafe mana." Ta kai ƙofa ta juyo kamar za ta ce wani abu, sai ta yi murmushi ta ce, "Inna, ki riƙa hawa bene kina shan rana, tana da amfani." Na ɗauka zancen ciwon gwiwata take.

Muka koma Jurf, Alhaji ya rufe shago, ya yi jinyarsa ya tafi. Ko sau ɗaya bai tayar mini da zancen mishlah ba. Kullum ina cewa gobe zan gaya masa, in ya so ya yi mini faɗa in huta. Ranar da ya cika ina riƙe da ƙafarsa ina matsa masa, maganar tana bakina.

Bayan na fita takaba na buɗe akwatinsa don a raba tufafi. A can ƙasa na same ta, a naɗe cikin farin ƙyalle. Na gane ta tun kafin in warware. Na ce bari in dubi abin da na yi. Na sa tabarau, na hau bene da azahar, na shimfiɗa ta a rana, na kai ido ƙirjin hagu.

Babu tabo.

Na duba dama, ko na manta ne. Na juya ta ciki. Na buɗe kalmasa, sai na ga gurbin zare biyu: wanda aka zara da farko a gabana, da wani a gefensa. Ɗana ne ya cika mini labarin. Ya ce bayan abin ya faru Saratu ta aiki mijinta shago ya karɓo mata mishlah ɗin, ta yi wajen wata biyu da ita, ta mayar. Alhaji ya kai wa mai turare har Sultana, dattijon ya ƙi ko kallonta. Shi ne ya dawo da ita ya ajiye, ya ce kada a gaya mini.

Ita kaɗai ta gano. Ba Hajja Amna, ba wanda ya ja ta saman bene. Ta zauna ta yi tunani har ta gane rana ce, ta farke aikin kwana shida da reza ba tare da ta faɗaɗa hujin ba, ta shanya zare, ta sake saƙawa. In ta gane wannan, to ta gane na sani. Da saninta ta durƙusa ta ce in yafe mata.

Malama, kin san abin da na fara ji a kan benen nan? Ba nadama ba ce, nadama daga baya ta zo, ita ce ba ta barina barci. Abin da ya fara zuwa shi ne wancan abin dai, na ranar da na mayar da hannuna cinya. Mijina yana kabari, gashina ya yi fari, ina tsugune a rana ina neman kuskuren yarinya, ina jin zafin ban samu ba.

Ni Musulma ce, a kan abin da malamanmu suka faɗa game da Iblis zan mutu. Ban san ko uban Saratu ne ya fi kusa da gaskiya ko kakarta ba, ba kuma huruminmu ba ne. Amma na san ban ƙara komai a aikin nan ba. Magana ɗaya ce ya kamata ta kasance a wurin, babu ita, sanyi kuwa ya shiga ta nan har ya kai ga ƙafar Alhaji.

Saboda haka ki rubuta da manyan baƙaƙe, don kada ya sake zama sirrin kowa: zaren cikin kalmasa a shanya shi a rana kafin a saƙa, aiki kuma a duba shi da azahar. Ki yi takarda biyu. Ɗaya ki ba alhazan wajen Zariya in sun zo, ko Allah zai sa wani ya san Saratu matar malami, mai gwangwanin allurai.

Ke kuma Abir, mai cewa sahal, mishlah ɗin tana cikin akwatin kakanku. Ku ɗauka ke da Nura ku hau bene, idonku sabo ne. Ƙirjin hagu, kamar tafin hannu ɗaya ƙasa da zinariyar wuya. In kun ga wurin ku zo ku kama yatsana ku ɗora a kai. Ni sau goma sha ɗaya ina hawa.